A auna talaucin Gusau unguwa-unguwa, ba a dunƙule ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili a wannan jarida tamu in yi magana kan abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya duk lokacin da aka ce za a yi rabon tallafi a Gusau. Ba mu da ma'aunin da zai nuna wace unguwa ce ta fi wata shiga matsi, ko wane irin matsi ne ya kama ta. Alƙaluma kam akwai su, sai dai duk na jimla ne, ba sa shiga lungu.

A binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tsakanin 2018 da 2019, an sa iyakar talauci a kan naira 137,430 ga mutum ɗaya a shekara, wato kimanin naira 376 a rana. Aka ce kashi 40 cikin 100 na 'yan Najeriya ba su kai wannan iyakar ba, a Zamfara kuwa kusan kashi 74. Yau naira 376 ko litar fetur ɗaya ba ta saye, saboda haka wannan awon ya tsufa tun kafin a gama jayayya a kansa. A Nuwamban 2022 hukumar ta sake fitar da wani rahoton da ya fi wancan zurfi, domin bai tsaya ga kuɗi ba. Ya duba lafiya, da ilimi, da yanayin muhalli kamar ruwan sha da ban-ɗaki da makamashin girki, sannan da aikin yi da irin masifun da ke faɗo wa gida, har da na tsaro. A nan ne aka samo adadin nan da kowa ya haddace, mutum miliyan 133, kashi 63 cikin 100 na 'yan Najeriya, suna cikin talauci. Maƙwabtanmu Sakkwatawa su ne suka fi kowa, kashi 91, Ondo kuma ta fi kowa ƙaranci, kashi 27.

Ba na raina wannan aiki. An shiga gidaje sama da 56,000, kuma an sauko da sakamakon har zuwa mazaɓun sanatoci 109, abin da ba a saba yi ba. Amma ka dubi mazaɓarmu ta Zamfara ta Tsakiya: Gusau, Tsafe, Bunguɗu da Maru. Ma'ana, babban ma'aikacin da ke zaune a GRA da rijiyar burtsatse a cikin gidansa, da matar da ke can Ɗansadau tana kwana da kunne ɗaya a buɗe, lamba ɗaya aka rubuta musu. Idan ka raba gidajen da aka shiga a kan mazaɓu 109, kowace ta tashi da kamar gida 500. Gida 500 sun isa a yi magana a kan yanki gaba ɗaya, ba su isa a bambanta Sabon Gari da Birnin Ruwa ba. Ko ƙaramar hukumar Gusau kanta ba abu ɗaya ba ce. Cikin mazaɓunta 11 akwai Magami da Wanke da Wonaka da Mada da Ruwan Ɓore, waɗanda rayuwarsu ta karkara ce, akwai kuma Tudun Wada da Galadima da Mayana da Madawaki na cikin gari. Ita Tudun Wada ɗin ma a cikinta akwai mai bene, akwai mai ɗakin haya ɗaya da 'ya'ya bakwai, bango ne kawai a tsakaninsu.

Ƙidayar jama'a kuwa rabonmu da ita tun 2006. Wadda aka shirya yi a 2023 an ɗage ta. Duk wanda ya san Gusau a 2006 ya san wuraren da a lokacin gonaki ne da fegi, yanzu sun cika da gidaje, kuma yawancin waɗanda suka cika su ba sha'awar birni ce ta kawo su ba.

Wannan shi ne abin da na fi so a tsaya a kansa. Talaucin da ke cikin garin nan a yau ba duka ne ake gani a rufin ɗaki ba. Mai bincike zai zo ya ga gidan siminti, da kwanon rufi, da fanka, da talabijin, ya rubuta cewa wannan gida ya tsira. Bai san mai gidan a da gonarsa ta ƙauye ce ke ciyar da shi ba. Kaka ta yi, a kawo buhunan gero da dawa da masara a jibge, albashi ya tafi ga cefane da kuɗin makaranta. Yanzu gonar ba ta nomuwa, ko kuma sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Mutumin da bai taɓa awo ba ya koma sayen tiya-tiya, wata rana ma rabin tiya. Sannan gidan da aka gina don mutum 8 yanzu yana ɗauke da 20, domin ƙanen mai gida ya gudo da iyalinsa, ga gwaggo, ga marayun wani ɗan uwa. Yawancin waɗanda suka gudo Gusau ba a sansani suke ba, suna raɓe ne a gidajen dangi, da kangaye, da shagunan da ba a gama gini ba. Tukunya ɗaya ce, bakuna ne suka ninku.

Ga kuma kuɗin fansa. Gida yana zaune lafiya lau, dare ɗaya a ɗauke mutum a hanya ko a gefen gari, kafin wata ya ƙare an sayar da fili, an sayar da babur ɗin da ake kabu-kabu da shi, mata sun cire ɗan abin da ke kunnensu, an bi dangi da karo-karo, an ci bashi. Mutumin ya dawo da rai, alhamdu lillahi, amma gidan ya koma baya da shekara goma. Unguwannin bakin gari irin su Damba da Mareri da Sabon Fegi sun san wannan tashin hankali fiye da na tsakiya, kuma ko wanda ba a taɓa ba yana biyan nasa kason: kuɗin 'yan sintiri, rufe shago da wuri, ko barin gidansa na kansa ya koma haya a cikin gari.

Saboda haka tambayar "me kake da shi yau" ba ta wadatar ba. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, idan mai nema ya kwanta ciwo, kwana nawa gidan zai yi ana ɗora tukunya? Malamanmu na Malikiyya tun tuni da abincin shekara suke auna wanda ya cancanci zakka, ba da abin da ya ci jiya ba. Cikin mutum takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta lissafa akwai wanda bashi ya yi wa katutu. A Baƙara kuma, aya ta 273, an yi maganar waɗanda wanda bai sani ba zai zaci mawadata ne saboda kamun kansu, ba sa nacin roƙo. Irin waɗannan sun cika Gusau: malamin firamare, ɗan fansho, tela, tsohon ma'aikacin masaƙa da tun da aka rufe ta bai sake samun aiki tsayayye ba. Ba za ka gan su a layin rabo ba, ko da yunwa za ta kashe su. Wanda ya san su shi ne mai shagon unguwa, saboda sunansu na cikin littafinsa na bashi, sai mai kemis da ake cewa ya ba da rabin magani, sauran sai wata ya yi.

Da ni za a tambaya, abubuwan da za a riƙa aunawa ba su da yawa. Sau nawa aka ci abinci jiya a gidan, kuma akwai ranar da aka kwana ba a ɗora ba a makon nan? Mutum nawa ke nema, mutum nawa ke ci, nawa ne daga ciki suka zo cikin shekaru biyun nan? Bashin abinci nawa ke kansu? Me aka sayar a bana don a ci ko don a yi jinya? Ruwa fa, na famfo ne, ko sai an tare 'yan ga-ruwa, kuma nawa ake sayen kura a unguwar? Wannan na ruwa kaɗai ya isa ya nuna bambanci, domin sau da yawa wanda ya fi talauci shi ya fi sayen ruwa da tsada. Sai yara nawa aka cire daga makaranta aka ɗora wa talla. Ba a buƙatar takarda mai shafi arba'in wadda za ta sa matar gida ta gaji ta fara amsa "e" ga komai.

Kuma lallai ne a riƙa maimaitawa, aƙalla sau biyu a shekara, ɗaya da kaka, ɗaya a tsakiyar damina lokacin da rumbu ya yi ƙasa hatsi ya yi tsada. Dubi abin da garin nan ya gani cikin ɗan lokaci: Satumban 2021 aka katse layukan waya aka rufe kasuwannin mako, farkon 2023 aka shiga ƙarancin takardun kuɗi, ranar 29 ga Mayun 2023 aka cire tallafin fetur. Kowanne ya bugi unguwanni daban-daban. Rufe kasuwanni ya fi taɓa 'yan dako da mahauta da dillalan dabbobi, tsadar fetur ta fi taɓa 'yan kabu-kabu da masu Keke da na bakin gari da sai sun hau abin hawa kafin su kai wurin nema. Awon da aka yi sau ɗaya aka ajiye a kabad ba zai ga ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Kada a ce abin ya fi ƙarfinmu. Tun a 1889 wani attajiri a Ingila, Charles Booth, ya fitar da taswirar Landan wadda aka shafa wa kowane titi launi gwargwadon halin mazaunansa, kuma yawancin bayanansa daga jami'an da ke bin gida-gida don duba zuwan yara makaranta ya samo su. Ba shi da kwamfuta, ba shi da waya. Mu nan muna da masu rigakafin shan-inna da suka san kowane lungu, har alli suke sa wa a ƙofar gida. Hukumar Ƙidaya ta riga ta yanka ƙasar nan ƙananan yankuna a taswira tun tana shirin ƙidayar da aka ɗage. Muna da Jami'ar Tarayya a nan Gusau da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Muna da masu unguwanni da limamai, ga Hukumar Zakka da Waƙafi wadda aikinta ke nan sanin mabuƙata. Abin da ya rage shi ne ma'aikatar kasafi da tsare-tsare ta haɗa su a kan takarda ɗaya.

Sai dai akwai wurare biyu da za a iya yin ɓarna, kuma gara a faɗe su tun yanzu. Na farko, mai awo kada ya zama shi ne mai rabo. Da zarar an ji cewa rubuta suna na kawo shinkafa, to kowa ya zama matalauci, har mai mota, kuma jerin sunaye zai koma hannun wanda ya fi kusa da kansila. Mai unguwa ya nuna iyakar unguwarsa, ya gabatar da masu aikin ga jama'a, daga nan ya koma gefe. Gidajen da za a shiga a zaɓe su ta hanyar ƙuri'a, ba ta hanyar "shiga nan, gidan ƙanwata ce" ba. Mata su shiga wurin mata, don ita mai girki ita ta san ainihin abin da aka auna.

Na biyu ya fi haɗari, kuma wanda ba a Zamfara yake ba ba lallai ya gane shi ba. A nan, tambayar mutum nawa yake samu ko shanu nawa gare shi ba ƙaramar magana ba ce. Kowa na tsoron masu kai rahoto daji. Takardar da ta nuna gidan wane akwai hali, idan ta faɗa hannun da bai dace ba, ta zama jagora ga ɓarayi. Don haka a tambayi abin da aka rasa, kada a tambayi abin da aka tara. Kada a wallafa suna ko lambar gida. Abin da za a fitar wa jama'a shi ne na unguwa: a wuri kaza, gida kaza cikin 100 sun kwana ba su ci ba a makon da ya wuce, kaza suna sayen ruwa, kaza suna ɗauke da baƙin da suka gudo. Na san wasu za su ce ana kunyata unguwarsu. Ni dai a ganina unguwar da aka san ba ta da ruwa ta fi kusa da samun rijiya a kan wadda aka rufa wa asiri.

Akwai rajistar mabuƙata ta ƙasa, na sani. Amma a Yulin 2023 Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa, wadda gwamnoni ke cikinta, ta nuna shakku a kan sahihancinta, ta ce jihohi su yi tasu. Bayan wata uku kuma aka sanar da rabon naira 25,000 a wata har wata uku ga gidaje miliyan 15. Rajista jerin sunaye ce, ba ta gaya maka inda za a haƙa rijiya, ko wace makaranta ce ta fi buƙatar ciyarwa, ko wane asibitin sha-ka-tafi ne ya kamata a fara kai wa maganin tamowa. Kuma sharaɗin lambar NIN da asusun banki yana zubar da ainihin waɗanda aka ce ana nema, kamar matar da ta gudo da zanen jikinta kawai.

Roƙona gare ka, Malam Edita, ka tura wakilinka na Gusau ya nemi a ba shi adadin gidajen da ke cikin rajistar nan mazaɓa-mazaɓa, daga Galadima har Wonaka, da shekarar da aka rubuta su, ku buga mana a jarida. Idan akwai, mu gani mu gwada da abin da muka sani a unguwanninmu. Idan kuma babu, 'yan majalisarmu na jiha su sa kuɗin wannan awo a kasafin baɗi.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Tudun Wada, Gusau, Jihar Zamfara