Karsanarka ta haihu

Mutumina Bazazzagi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Hajiya da yara, da cinkoson Agege. Mu nan sai godiya, in ka ɗebe zafin bazarar bana da ya sa har kajin gidana sun yi yajin ƙwai.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda a hannun direban Alhaji, alhali shekaranjiya muka yi waya. Magana ce da na kasa faɗa maka da baki, don na san halinka, kafin in kai aya ka tare ni da "ai na gaya maka". Takarda kuwa ba a katse ta. Bari in sauke wannan kayan.

Karsanarka ta haihu. E, ita dai, 'Yar Wudil. Ajiye alƙalamin, na riga ka yin lissafin. Ranar Juma'ar da muka saye ta a kara, dillali ya ce watanta 8, in bai yi mana halin dillalai ba. Yau wata 13 ke nan, ka ga tana da wata 21. Ko famfara ba ta yi ba, haƙoran nono ne reras a bakinta, amma ga ta da ɗa a gindi.

Laifina ne, ba na kowa ba. Da damina ta kankama aka rufe ko'ina da shuka, harawata ta ƙare, sai na haɗa ta da garken Ardo na 'yan makonni. A raina yarinya ce, wa zai kula ta? Na manta ruwa-biyu ce, ga shi na cika ta da dusa tun tana ƙarama, irinsu kuwa da wuri suke fara neman bijimi. Ardo kansa da ya ji sai da ya riƙe baki, don su a ruga farar saniyarsu Bunaji sai ta kai shekara 4, wata ma ta haura, kafin ta yi haihuwar fari. Wannan jibgegen bijimin nasa mai karyayyen ƙaho ne ya yi mana aika-aikar. Ka san shi, wanda ya taɓa kora ka kan dalbejiya.

Ni fa har cikin ɗari ina ta yi wa mutane alfaharin ƙibarta. Uwargida ce ta fara cewa, "Malam, wannan hantsar ba ta ƙiba ba ce." Na kira likitan dabbobi, ya sa hannu ya duba, ya ce ciki ya kai wata 6. Ya ce da a watannin farko ne akwai allurar da ake yi ya zube, amma yanzu an wuce wurin, sai dai a yi shiri. Shi ya fahimtar da ni cewa ko a manyan gonaki masu shanun waje, inda ake son karsana ta haihu tana shekara 2, ba a haɗa ta da bijimi sai ta kai kamar wata 15, kuma nauyinta ya kai kashi 60 zuwa 65 cikin 100 na uwar da ta gama girma. Bijimin ma sai an zaɓi wanda 'ya'yansa ke zuwa ƙanana. Taka kuwa tana shekara 1 aka haɗa ta da basamude. Likitan nan a Shika ya yi wani kwas, wai, wurin binciken dabbobin nan na garinku. Na ce ashe ana samun abin kirki a Zazzau.

Daga ranar na shiga uku da masu shawara. Baffa ya kafe a kan in rage mata abinci don ɗan ya zo ƙarami ya fita da sauƙi. Kusan kowa a majalisa ya goya masa baya, har da Dogo da ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba. Likita ya ce kul. Ɗan da ke ciki ba ya jin yunwar uwa, jikinta zai ci gaba da tatsa, ranar naƙuda kuma a sami uwa ba ƙarfin yunƙuri, ba nonon kirki. Ya ce kada kuma in mayar da ita san turka, don kitse ma yana toshe hanya. Na bi tsakiya: harawar wake da ta gyaɗa, dusa daidai gwargwado, 'yar angurya, gishiri da kanwa a gefe. Baffa bai ƙara amsa gaisuwata da kyau ba sai da aka yi mako biyu.

Af, Dogo ya ƙara aure. Ta uku. Ba zan ce komai ba sai ka zo, amma ka tuna maganar da ya yi a gidan biki bara, ka auna.

Daren Talata waccan bayan isha'i faya ta fashe. Na zauna da tocila ina duba agogo, don an ce mini in aka yi awa guda zuwa biyu tana yunƙuri ba ci gaba, in nemi taimako, kada in jira gari ya waye. Abin da ake so a gani shi ne ƙafafun gaba biyu da hanci kwance a kansu. Ni ƙafa ɗaya na gani, sai hanci, sai harshe ya leƙo. Mutumina, ban san lokacin da na fara karanto duk addu'ar da na sani ba. Kafin likita ya iso makwabta sun cika gidan, wani har yana cewa a ɗaura igiya a babur a ja. Wallahi da gaske yake. Na ce duk wanda ya taɓa ta sai mun kwana gaban mai unguwa.

Likita ya zo wajen ƙarfe 11. Ya wanke hannu har kafaɗa, ya wanke bayanta, ya shafa abin santsi, ya tura ɗan ciki kaɗan, ya lalubo ƙafar da ta lanƙwashe, ya rufe kofaton da tafinsa don kada ya yage ta, ya miƙo ta. Sannan ya ɗaura igiya a kowace ƙafa, ya ce mutum biyu kawai, ni da babban yarona. In ta yunƙura mu ja, in ta huta mu huta, wannan ƙafa sannan waccan. Na yi gumin da ban yi ba ko ranar da muka tura motarka daga Kwanar Dangora. Da ƙirjin ya fito ya ce mu karkata ƙasa wajen ƙafafunta, sai ga shi sulɓ. Namiji. Ya kwanta shiru kamar tsumma, aka share masa majina, aka soka masa tsinken ciyawa a hanci, sai ya yi atishawa. Uwargida ta rangaɗa guɗa da tsakar dare.

Wahalar ba ta ƙare a nan ba. Da ta miƙe ta dube shi, sai ta ja da baya tana huci kamar ta ga kura. Ya matso hantsa, ta sa ƙafa ta ture shi. Yarinya ce, ina ta san abin da ya same ta? Ardo ne ya ce a barbaɗa masa dusa da gishiri a baya. Tana lasar dusa, tana lasar ɗa, har ta saba da warinsa. Amma dakashi, nonon farko, ba ya jira, likita ya ce a awannin farko ne cikin maraƙi ke karɓar kariyar da ke cikinsa, in aka kwana aka wuni an yi asara. Dole muka dabaibaye ta, na tatso kusan lita 2, muka ba shi kaɗan-kaɗan da kwalba. An tsoma cibiyarsa a aidin. Mabiyiya ta faɗo da kanta da hantsi, bayan na hana wata tsohuwa jan ta har sau biyu.

Yau kwana 9. Tana shayar da shi da kanta, har ta fara kai wa mutane gargaɗi da kai in sun matso. Amma ta zube, ana iya ƙirga haƙarƙarinta daga bakin zaure. Abin da ke hana ni barci ke nan. Abinci ɗaya take ci, wuri uku yake tafiya: nono, gyaran jikin da ya sha wuya, da girman da ba ta gama ba. In aka yi sake yanzu, haka za ta tsumbure har abada, ga jinkirin sake ɗaukar ciki. Na raba ta da manyan shanu don suna ture ta daga kwami, na yi mata rumfa ita kaɗai, ruwa ba ya yankewa a gabanta. Na kafa doka ba mai tatsar ko cokali guda, abin da ya jawo mini shan fura da ruwa da kuma fushin cikin gida. Likita ya ce in ba ta murmure ba mu yaye shi da wuri, yana wata 3 ko 4, da zarar ya iya cin dusa sosai. Maganin tsutsa da na kaska kuma zai dawo ya ba ta. Bijimi kuwa, ko hotonsa ba za ta gani ba sai ta cika ta yi sheƙi. Na sa an ƙara wa dangar ƙaya.

Ka san yadda harawa ke tsada a wannan tsakanin kafin ruwa ya sauka. Ban ce ka aiko da komai ba. Na dai ce direban Alhaji zai juyo ranar Lahadi, kuma mutum ne mai amana.

Rijiyar burtsatsen masallaci ta sake lalacewa, an kafa kwamiti, an sa ni ma'aji, ka ji wani sabon jidali. Hedimasta yana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi, har yana zuwa Juma'a da sanda. Ya ce in tambaye ka ko har yanzu kana rubuta "ƙ" kamar ƙugiyar mahauta.

Yara sun raɗa wa maraƙin suna Bazazzagi, saboda taurin kai da kuma yadda ya zo duniya da ƙafa ɗaya a baya. Na hana, sun ƙi. Jar fatar uwarsa ya ɗauko, da farin goshi, amma ƙafafun na ubansa ne, dogaye kamar na raƙumi. In ka ga dama ka aiko da wani sunan, sai dai ina jin ya riga ya bi shi.

Ka gaida Hajiya, ka ce mata kukar da daddawar suna cikin buhun da ke ƙarƙashin kujerar direba, kada a bar su a mota su sha rana.

Naka,
Bakanon da ka bar wa amana