Aikin yana Maitama, ma'aikacin yana Masaka

Assalamu alaikum, Edita. Ka ba ni fili in ja hankalin Ministan Babban Birnin Tarayya da Gwamnan Jihar Nasarawa kan halin da ƙananan ma'aikatan Abuja ke ciki.

Masu gadi, masu shara, direbobi da masu girki a otal duk aikinsu yana Maitama, Asokoro, Wuse ko Garki, kwanansu kuwa a Mararaba, Masaka, Suleja ko Madalla. Ba son ransu ba ne. Hayar ɗaki a cikin gari ta fi ƙarfinsu, kuma rusau ɗin zamanin da Malam Nasir El-Rufai yake Ministan Abuja ya kora da yawa bayan gari. A 2006 aka hana acaba shiga tsakiyar birni, a 2013 aka bi da ƙananan bas da ake kira araba, manyan motocin da aka kawo a madadinsu kuma ba su taɓa wadatar da jama'a ba.

Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 kuɗin mota ya ninka. Mafi ƙarancin albashi ya koma naira 70,000 a 2024, amma a tambayi mai gadin kamfani ko ya gani a hannunsa. Mutum ya fito da asuba, ya maƙale a cunkoson Nyanya da gangaren Kugbo, ya isa a makare a yanke masa albashi. Abin da ya fi ci mini rai shi ne wajen neman aikin kansa. Da zarar an tambaye ka inda kake zaune ka ce Masaka, sai a ce “za mu neme ka”, shi ke nan, an ba wanda ke da ɗan'uwa mai ɗakin da zai sauke shi a Wuse. Mata masu goyo sun ma daina nema, ga fargabar 'yan wan cans, masu ɗaukar fasinja a mota su yi masa fashi, idan dare ya yi.

Jirgin ƙasan cikin gari da aka buɗe a 2018, aka farfaɗo da shi a 2024, yana zuwa Idu, Kubwa da filin jirgin sama. Madalla da hakan, sai dai bai leƙa hanyar Keffi da ta ratsa Mararaba da Masaka ba, inda tururuwar ma'aikata take.

Ranka ya daɗe Minista, Mai girma Gwamna, ku zauna tare ku miƙa layin dogo zuwa Nyanya, Mararaba da Masaka. Kafin nan a zuba manyan bas masu rangwame da za su fara tashi ƙarfe 5 na asuba, a ware musu hannu guda a kan titin.

Naku mai karatu,
daga Masaka, Ƙaramar Hukumar Karu, Jihar Nasarawa