Wasiƙa zuwa Sakkwato kan kwamfutarka mai gurnani

Tudun Wada, Kaduna

Assalamu alaikum, mutumina.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da uwargida da yara. Ya kuke ji da hazo? Mu nan hunturu ya kankama, da safe in ka hau gadar Kawo da ƙyar kake hango abin da ke gabanka.

Na saurari saƙon muryar da ka turo, wanda ka kara wayar a jikin kwamfutar, har sau uku. Ka ce ta koma injin markaɗe, kuma wani ya ba ka shawarar ka lulluɓe cikinta da soso ko ka canja fankokin gaba ɗaya. Dakata tukuna, kada ka sayi komai. Soson nan kuwa ka manta da shi, domin toshe mata hanci zai yi, zafi ya ƙaru, fankar ta ƙara wuta. Sai an san wanda ke kuka a ciki kafin a san maganinsa.

Masu yin ƙara a akwatin nan yatsun hannu ɗaya sun ƙirga su: fankar kan furosesa (ƙwaƙwalwar kwamfutar), fankar jikin akwati, fankar cikin akwatin wuta (mai raba wa sassan ciki lantarki), ta katin hoto in akwai shi, sai faifan ajiya mai juyawa, wato HDD. Kowanne da muryarsa. In huci kake ji, huuu, yana hawa yana sauka, fankar lafiyarta lau, zafi ne ya sa ta gudu. In ƙarr-ƙarr ne, musamman da safe da an kunna, ya lafa bayan minti biyar ko goma, to boris ɗin wata fanka, wato inda sandarta ke juyawa, shi ne ya bushe. Tak-tak-tak mai sauri waya ce ta faɗo tana taɓa fiffike, a ɗaure ta gefe an gama. Zzz ɗin da ke ɗaukewa da zarar ka ɗora tafin hannu a murfi kuwa jijjiga ce kawai, noti ne ya saki.

Hanyar kama mai laifin ba wuya. Cire murfin gefe, ka kunna ta a buɗe. Naɗe takarda kamar bututu, ka sa baki ɗaya a kunne, ɗayan ka riƙa kai shi kusa da kowace fanka. Wadda ka zarga, danna tsakiyarta da yatsa, can inda take da faɗi, na daƙiƙa ɗaya ko biyu har ta tsaya. Ban da fiffiken. In ƙarar ta ɗauke, ka same ta. Ta cikin akwatin wuta ce kaɗai ba a yi wa haka, kuma kada ka zura mata sukudireba ta raga.

A abin da ka turo, murya biyu na ji: huci mai ƙarfi a sama, ƙarr-ƙarr a ƙarƙashinsa. Ina kyautata zaton ƙura ce da boris guda.

Fara da ƙurar, don ita ce babbar cutar kwamfuta a ƙasar nan tamu. Kashe ta, zare wayar daga bango, danna maɓallin kunnawa ka riƙe kamar daƙiƙa 10 don ragowar wutar ta fita, sannan ka fitar da ita tsakar gida. Kafin ka taɓa komai a ciki, taɓa ƙarfen akwatin. Ka san yadda bargo ke tartsatsi da dare a wannan lokaci saboda bushewar iska. Wannan ɗan tartsatsin da ba ya yi maka komai yana iya kashe RAM, wato memori, ko madabod, babban allon da komai ke jone a kansa. Nemi bulowa irin ta masu gyara da ƙaramin buroshin fenti sabo. Duk fankar da za ka hura, tare fiffikenta da yatsa ko tsinke, don iskar bulowa tana juya ta fiye da ƙarfinta, boris ya ƙarasa lalacewa. Kada ka kai ta wurin mai faci ya hura maka da kwamfaresa, iskarsa takan zo da ruwa da mai.

Inda mutane ke tsallakewa shi ne tsakanin fankar furosesa da ƙarfen sanyayawar da ke ƙarƙashinta, mai sirara-siraran haƙora. Daga waje sai ka ga kamar fes, amma in ka kwance fankar za ka tarar da ƙura ta kwanta a bakin haƙoran kamar auduga, har ka ɗago ta da yatsu biyu a dunƙule. Wannan tabarmar ce ke hana iska ratsawa. Fankar tana ta haƙilo, furosesa yana ta ɗaukar zafi, madabod yana ta ce mata ƙara gudu. Daga Nuwamba zuwa Maris ka riƙa hurawa duk wata, da damina kuwa bayan wata uku ya isa. Ka kuma ɗauke ta daga kan kafet, ka ɗora a tebur ko benci, ka bar tazarar taƙi guda tsakaninta da bango, kuma kada ka kulle ta cikin durowar tebur.

Tunda tokumbo ce, da wuya a ce an taɓa canja mata man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyayawa. Aikinsa cike ƙananan ramukan da ido ba ya gani, don zafi ya ratsa. In ya shekara huɗu ko biyar yakan bushe ya zama kamar busasshen tuwo a gindin tukunya. Bar kwamfutar ta yi aiki minti 10 don ya yi laushi, ka kashe, ka sassauta notuna huɗun kaɗan-kaɗan, na wannan kusurwa sai na wadda ke kallonta. Murɗa ƙarfen hagu da dama kafin ka ɗaga, kada ka fizga. Goge tsohon man da tsumma mai tsabta da sifirit, in ka sami isopropyl ya fi, in babu na kyamis ma ya yi, amma ka bari ya bushe sarai. Sai ka ɗiga sabo a tsakiya, kamar rabin ƙwayar wake, ka mayar da ƙarfen ka ɗaure yadda ka kwance. Matsin zai baza shi da kansa. Arctic MX-4 mai giram 4 zai yi maka sau da yawa. Man goge baki da wasu ke sawa kwana biyu yake yi ya bushe.

Yanzu sai a auna. Sauke manhajar HWMonitor, kyauta ce, ka duba zafin furosesa. In ba ta aikin komai, digiri 35 zuwa 50 daidai ne a yanayinmu. In tana aiki sosai ta tsaya ƙasa da 80, madalla. In tana zama sama da 85, akwai saura. Furosesan Intel yakan rage wa kansa gudu in ya kusa 100, shi ya sa kwamfuta mai ƙara takan zama mai jinkirin aiki kuma. Ka tuna fa fanka iskar ɗaki take hurawa, ba ƙanƙara ba. A watan Afrilu, in ɗakinku ya haura 38, dole ta yi huci fiye da na yanzu, wannan ba lalacewa ba ce.

Ka kuma danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka ga ko wata manhaja ce ta danne furosesa a kashi 90 ko 100 alhali ba ka aikin komai. Shafuka talatin a Chrome, ko Windows tana sabunta kanta, ko wata ƙwayar cuta da ta maƙale, duk suna sa fanka ihu ba laifinta.

Akwai wani abu a irin taka, Dell OptiPlex, da ya kamata ka duba tun kafin ka ɗauki buroshi ma. Kunna ta kana danna F2 har ka shiga BIOS, wato shafin saitin da ke zuwa kafin Windows ta tashi, ka nemi sashen Power Management, a ciki akwai Fan Control Override. In an kunna shi, fankar iya ƙarfinta za ta riƙa gudu ko da sanyin asuba ne. Cire alamar, ka adana, ka fita. A HP F10 ake dannawa, a ɓangaren zafi ake rage mafi ƙarancin gudun fanka. Waɗanda aka harhaɗa da hannu kuwa, masu madabod ɗin Asus ko Gigabyte, Del ake dannawa, kuma suna barin mutum ya tsara gudun da kansa: kamar kashi 30 har zuwa digiri 50, kashi 60 a digiri 70, kashi 100 a 85. Ribar da ke ciki babba ce, domin ƙarar fanka ba daidai da gudunta take raguwa ba. In ka raba gudun biyu, ƙarar takan sauka da kusan desibel 15, kunne kuwa saukar desibel 10 ma yana jin ta kamar rabi. In ka gyara saitin ka ga yana komawa, agogon kwamfutar ma yana ɓacewa duk sanda aka ɗauke wuta, ƙaramin batirin nan mai kama da kwabo da ke kan madabod ne ya mutu. CR2032 sunansa, masu gyaran agogo ma suna da shi.

Sai boris. In fankar ta masu araha ce, ɓare sitikar bayanta, wani lokaci akwai ɗan murfin roba a ƙasa, ka ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya ko biyu a kan sandar, ka juya da hannu, ka liƙe da salatif. Ban da man gyaɗa, yana daskarewa ya kama ƙura. Ban da feshin WD-40, yana wanke ragowar man ne ya bushe. Wannan dabara watanni take saya maka, ba warkewa ba ce. Canji shi ne magani, kuma a nan ake yin asara. Auna faɗin tsohuwar: milimita 80, 92, 120 ko 140. In akwatin na da gurbin babba, ɗauki babba, domin mai 120 a juyi 900 cikin minti tana tura iska da yawa a natse, ƙarama kuwa sai ta yi ta tsala ihu kafin ta kamo ta. Sannan ƙirga ramukan filoginta. Mai 4 ita ce madabod ke sarrafa gudunta sosai, mai 3 sai in madabod ɗin ya iya rage mata wuta, wadda ake jonawa kai tsaye da faffaɗan filogin akwatin wuta kuwa volt 12 take sha ba sassauci. Tsofaffin OptiPlex da yawa nasu filogin daban ne, mai gurbi 5, fankar kasuwa ba ta shiga sai da adafta, kuma in kwamfutar ba ta ji fankarta ba za ta tsaya da gargaɗi tun wajen tashi. Wajen ɗaurawa, gefen da ke da sanduna da sitika nan iska ke fita. Ta gaba ta jawo ciki, ta baya ta fitar. Yanko ƙananan zobba daga robar cikin tayar keke ka sa tsakanin fanka da ƙarfe, jijjigar za ta ragu ƙwarai.

In ƙarar daga akwatin wuta take, hura shi ta raga kawai. Kada ka buɗe, akwai kafasitoci a ciki da ke riƙe wuta bayan an zare waya. In bai daina ba a canja shi ɗungurungum, kuma na Dell sai an bi lambar da ke jikin sitikarsa, don girma da filogi sun bambanta. Kafin ka yanke masa hukunci, matsar da sitabilaiza da UPS nesa ka sake saurare, sau da yawa su ne ke ƙugin idan wuta ta yi ƙasa. Siririn tsiii da ke fitowa daga katin hoto lokacin da yara ke wasan ƙwallo a kwamfutar ba ya cutar da komai, kunna V-Sync a saitin wasan yakan rage shi.

Murya ɗaya ce ba a jinkiri da ita: ƙyas, ƙyas daga faifan ajiya, kwamfutar tana daskarewa tare da shi. In ka ji haka, kwashe takardunka da hotunan yara zuwa wani wuri a ranar, kafin hurawa, kafin komai. Manhajar CrystalDiskInfo za ta nuna maka lafiyarsa; shuɗi lafiya, rawaya gargaɗi, ja kuwa ya gama. Faifan nan yana juyi 5400 ko 7200 a minti, ko lafiyarsa lau yana da ɗan gurnani. In za ka canja shi, ɗauki ma'ajiyar zamani da ake kira SSD, ba abin da ke motsi a cikinsa, mai gigabait 256 ko 512 ya ishi aikin ofis, kuma wayoyin SATA ɗin da ke jone da tsohon faifan su zai hau.

Ka ɗauko mini hoton sitikar bayan fankar da ta yi ƙarar, da na filoginta ta gefen ramuka, da lambar Service Tag da ke jikin akwatin. In babu irinta a wajenku, zan duba shagunan kan titin Ahmadu Bello, in haɗa da man furosesa in ba direba a tashar Kawo, sai in kira ka da lambar motar.

Ka gaishe mini da Baba da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. A gaida uwargida, a shafa kan yara.

Naka,
abokinka na Tudun Wada