Sunan wa ke cikin rajistar manoma?

Ya mai girma Edita,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ɗan fili a jaridarka in yi magana kan mata manoma, tunda Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2026 a matsayin shekarar mace manomiya, ga kuma ranar matan karkara da ake yi kowace 15 ga Oktoba tun 2008.

Biki ba laifi ba ne. Damuwata ita ce wa ke zama a inda ake yanke shawara. Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, ta ce a rahotonta na 2011 mata ne kusan kashi 43 cikin ɗari na masu aikin gona a ƙasashe masu tasowa, amma a wani rahoton nata daban ta ce a cikin masu mallakar gona a duniya ba su kai kashi 15 ba. Inda gizo ke saƙar ke nan. Ƙungiyar manoma sunan mai gona take rubutawa, ko na maigida. Da wannan rajista ake raba taki da iri, da ita ake ba da rance, ita malamin gona ke bi, ita ake dubawa a kira taro. Matar da ta yi shuka, ta yi noma, ta yi girbi, babu ita a littafin. Ranar zaɓen shugabannin ƙungiya ba ta da ƙuri'a. Ranar tsara rabon ruwan noman rani kuwa, sai dai ta ji labari.

Wasu ƙasashe sun taɓa wannan littafi, sun kuma ga aiki. A sassa da dama na Habasha, takardar shaidar gona tana fita da sunan miji da na mata tare. Ruwanda ta kafa doka a 1999 da ta ba 'ya mace damar gadon dukiyar iyayenta kamar ɗa namiji, daga baya ta yi wa filayen ƙasar rajista da sunayen ma'aurata. Indiya ta bi ta wata hanya: gyaran tsarin mulki na 73, da ya fara aiki a 1993, ya keɓe wa mata kashi ɗaya cikin uku na kujerun majalisun ƙauyuka. Masu bincike Esther Duflo da Raghabendra Chattopadhyay sun gano cewa inda mace ke shugabanci, kuɗin da ake zubawa a ruwan sha ya fi yawa. Ba abin mamaki ba ne, su ne masu ɗebo shi.

Kada dai a ɗauka kujera kaɗai ta wadatar. A Indiyar ma akwai ƙauyukan da mace ce ta ci zaɓe, mijinta ke gudanar da ofis. Kuma taron da aka sa a lokacin da mace ke tsakiyar girki da rainon yara, ko an gayyace ta, an riga an kore ta.

Roƙona gare ka, Edita: in wakilanka sun je ɗauko labarin rabon taki ko buɗe madatsar ruwa, kada su tsaya kan shugaban ƙungiya. Su nemi a buɗe musu rajista, su ƙirga mata nawa ne a ciki, nawa ne a kwamiti, ƙarfe nawa ake taro. Sannan su miƙa wa matan makirufo, su faɗa da bakinsu.

Na gode.

Wata mai karanta jaridarka