Cocin dutse na Guangzhou ya tuna min da Ilojo Bar

Malam Edita, assalamu alaikum, ya aiki ya jama'a.

Ni ɗan kasuwa ne a Agege, kayan waya nake sarowa daga birnin Guangzhou na ƙasar Sin. A tafiyata ta baya wani abokin harkata Ibo, ɗan Katolika, ya ce in raka shi cocinsu ranar Lahadi kafin mu wuce kasuwa, na ce to amma ni a waje zan jira ka. Zaman jiran nan shi ya jawo wannan wasiƙa.

Cocin yana titin Yide, mutanen garin Shishi suke ce masa, wato ɗakin dutse, don daga tushe har hasumiyoyinsa biyu duk dutse ne. Faransawa suka sa harsashi a 1863 ba a gama ba sai 1888, shekara 25 kenan magina 'yan Sin na sassaƙa dutse da hannu. Kuma fa filin ba da daɗin rai aka bayar ba, nan fadar gwamnan yankin take kafin Turawa su ragargaza ta a yaƙin ofiyom na biyu. Duk da wannan tabo, yau wa ke ciki? 'Yan Sin ne, tsofaffin mata da carbinsu, matasa, sai da rana 'yan Afirka su cika wurin don sujadar Turanci, 'yan Najeriya wallahi kamar kana Alaba. Gwamnati ta sa shi cikin gine-ginen tarihi da ba a taɓawa.

Shi abokin nawa ya ba ni labarin cocin Xujiahui a Shanghai wanda aka gama a 1910, lokacin juyin al'adu na 1966 aka karya kan hasumiyoyinsa aka mai da shi rumbun hatsi, daga baya aka gyara aka mayar wa masu shi. A Beijing ma akwai cocin Nantang, wurin da Matteo Ricci, wani fada ɗan Italiya, ya fara ɗan ƙaramin ɗakin ibada tun 1605. Kar a ce na ce addini na sakata ya wala a can, a'a, Katolikan kansu sun daɗe a rabe, masu rajista da gwamnati da masu ibada a ɓoye, sai 2018 fadar Paparoma da Beijing suka daidaita kan naɗin bishop-bishop. Ni ma da na je sallah a masallacin Huaisheng na Guangzhou na ga yadda ido ke kan komai. Amma ginin dai suna riƙe da shi.

Mu kuwa fa? Ilojo Bar da ke kusa da Tinubu Square a nan Legas, ginin salon Barazil da aka ayyana kayan tarihin ƙasa tun 1956, a 2016 aka wayi gari katafila ta share shi. Abin har yau yana ci min rai, kullum muna ratsa Idumota da kaya a ka ba mu ko ɗaga ido.

Don Allah Malam Edita ka tura wakilinka da kyamara masallacin Shitta-Bey na titin Martins da aka buɗe a 1894, ya leƙa cocin Holy Cross ma, a rubuta mana tarihinsu da Hausa, a ɗauko hoton bango da rufi yadda suke yanzu mu ga inda ke bukatar gyara.

Naku mai karatu,
daga Agege, Legas.