Neman abu a tarin bidiyo aikin gayya ne, amma sai an raba kunya

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Muna roƙon fili a jaridarku domin mu ja hankalin masu kula da ɗakunan karatu, gidajen talabijin, kwamitocin tafsiri da masu ɗaukar bidiyon bukukuwa a nan Zariya kan wata matsala da ba a cika zancenta ba. Kowa yana ɗauka, kowa yana tarawa, amma ranar da aka ce a fito da wani wuri takamaimai, sai ido ya raina fata. A ce ana son daidai inda 'yan lifida suka iso ƙofar fada a wani Hawan Daushe na zamanin marigayi Sarkin Zazzau Shehu Idris, wanda ya yi sarauta daga 1975 zuwa 2020. Ko a ce wani malamin gona a Samaru yana son minti biyun da aka nuna yadda wuta-wuta ke maƙale wa saiwar dawa. Abin yana nan cikin faifai, amma wane faifai, kuma a wane minti?

Ga lissafin da ke nuna girman aikin. Bidiyon talabijin da na kaset a ƙasar nan hotuna 25 ne a kowace daƙiƙa, wato 90,000 a awa guda. Ba wanda ke duba su ɗaya bayan ɗaya, don haka manhaja ke yanka bidiyon guntu-guntu a duk inda kyamara ta sauya, ta ciro hoto ɗaya ya wakilci kowane guntu. In muka ƙaddara kowane guntu daƙiƙa 5 ne, awa ɗaya ta ba da guntaye 720, awa 200 kuma 144,000. Mutumin da ke kallon hoto ɗaya a daƙiƙa, ba ƙiftawa ba shan ruwa, 900 kawai zai gani a minti 15. Shi ya sa masu bincike suka daɗe suna tambayar yadda mutum biyu ko uku za su haɗu a kan nema ɗaya ba tare da sun taka sawun juna ba.

Minti 15 ɗin nan ba mu muka ƙago shi ba. Hukumar ma'auni ta Amurka, NIST, ta fara gwajin neman bidiyo a 2001, ya zama gasa mai zaman kanta da sunan TRECVID a 2003, kuma a shekarun farkon gasar minti 15 aka riƙa ba mai nema a kan kowace tambaya. A zagayen 2005 tawagar Alan Smeaton ta Jami'ar Birnin Dablin a Ayalan ta zaunar da mutum biyu a teburi mai suna DiamondTouch, wanda ke gane wanda ya taɓa shi a cikinsu, suna miƙa wa juna hotuna kamar masu tsince shinkafa a faifai ɗaya. A 2007 kuma ɗakin binciken FXPAL, wanda a lokacin yake Kalifoniya, ya zo da dabarar da a ganinmu ta fi dacewa da mu. Jeremy Pickens da Gene Golovchinsky da abokan aikinsu sun ba mutum biyun aiki daban-daban. Na farko mai leƙen ma'adinai ne: yana jefa kalmomi iri-iri, ya duba 'yan sakamakon sama, ya wuce zuwa wata kalmar. Na biyu mai haƙa ne: ba ya rubuta komai, manhaja ce ke jero masa guntayen da ba wanda ya gani tukuna, shi kuma yana cewa e ko a'a da sauri. Wajen jera masa, manhajar tana auna abu biyu game da kowace kalmar da na farkon ya jefa: yawan abin kirkin da ta riga ta haifar, da yawan abin da ya rage a ƙarƙashinta ba a duba ba. Hukuncin mai haƙa kuma yana komawa wurin mai leƙe a matsayin sababbin kalmomin da zai gwada. Da aka kwatanta wannan da mutum biyu da kowa ya yi nasa daban aka haɗa daga baya, masu aikin taren sun fi samu, musamman a tambayoyin da amsarsu ba ta da yawa a rumbun. Irin tambayoyinmu ke nan.

Dalilin ribar ba wani sihiri ba ne. Injin nema yana ba kowa jeri iri ɗaya in kalmominsu sun yi kama. Mutum biyu da aka saki ba tsari, hotuna hamsin na sama ɗin nan duka za su kalla, wato an biya kuɗin mutum biyu an sami aikin mutum ɗaya. Duk wanda ya taɓa zuwa gayya ya san ba a barin manoma biyu su hau kunya ɗaya. Manhajar SearchTogether da Meredith Morris da Eric Horvitz suka fitar a kamfanin Microsoft a 2007 ta tsaya ne a kan abu uku: kowa ya san abin da ɗan'uwansa ke yi, a raba aikin, kuma abin da aka yi yau ya kasance a ajiye ga mai zuwa gobe. Ko manhaja ba a da ita, ana iya yin ukun nan da teburin Excel ko Google Sheets. Layi ɗaya ga kowane guntu: lambar faifai, mintin farawa da na ƙarewa, kalmar da ta kawo shi, wanda ya kalla, da hukuncinsa, e, a'a ko akwai shakka. Wurin rabo kada a ce wane ya ɗauki 50 na farko, wane 50 na biyu. Tsabar ta fi taruwa a sama, na biyun zai yini cikin ƙaiƙayi har ya gaji ya fara tsallakewa. A ba ɗaya na 1, 3, 5, ɗayan na 2, 4, 6.

To amma kafin a kai ga nema sai an shirya kayan, kuma a nan ne bidiyonmu ke ba na'ura wahala. Dabarar yankawa a inda kyamara ta sauya an gina ta ne a kan labaran talabijin. Ka ba ta tafsirin azumi da aka kafa kyamara ɗaya tana kallon malam da alaramma awa biyu, sai ta ce guntu ɗaya ne duka. Irin wannan da agogo ake yanka shi, kowace daƙiƙa 30, ko a bi ayoyi: duk inda mai jan baƙi ya ɗauko sabuwar aya, nan ne kan guntu, a rubuta sura da lambar aya. Hawan salla kuma akasin haka yake yi. Ƙura, hayaƙin bindiga da girgizar hannun mai ɗauka suna sa manhaja ta ga sauyi inda babu shi, ta daddatsa tafiyar ayari ɗaya gida ashirin. Maganinsa a ɗaga ma'aunin da take ganin sauyi da shi, a kuma hana ta yin guntun da bai kai daƙiƙa 2 ba. Manhajar FFmpeg, wadda kyauta ce, tana yin duka biyun, yankan agogo da na sauyin kyamara.

Sai maganar da ke cikin bidiyon. Akwai manhajojin mayar da murya rubutu da suka san Hausa: Whisper ta kamfanin OpenAI da ta fito a 2022 tana da ita a jerin harsunanta, haka ma MMS ta kamfanin Meta a 2023. Amma kada a ɗauki rubutunsu a matsayin shaida. Amsa-kuwwar lasifikar masallaci tana ninka murya, kakaki da algaita da tambura suna danne ta, malami kuma a jimla ɗaya zai fara da Larabci, ya fassara da Hausa, ya cike da Turanci. Abin da ya fi haɗari shi ne, a wurin da aka yi shiru ko kiɗa kaɗai ke tashi, Whisper takan ƙirƙiro maganar da ba wanda ya faɗa, ko ta yi ta nanata jimla ɗaya. Don haka a fara tace wuraren da ba magana a cire su kafin a ba ta, kuma rubutun ya zama ɗan jagora ne kawai zuwa minti kaza, kunne ne zai tabbatar.

Ko rubutun ya fita daidai, rubutun Hausa da kansa yana da tarkonsa. Ba ma nuna karin sauti ko tsawon wasali, saboda haka wanda ya nemi fara zai sami ƙwaron da ke cin amfanin gona, ya sami farar saniya, ya sami an fara ruwa. Gari na tuwo da gari na zama duk ɗaya ne a wurin inji. Wani ya rubuta ƙasa da ƙugiya, wani kasa ba ƙugiya, na'ura kuwa kalmomi biyu take gani. 'Yan ma kaɗai ana rubuta ta hanya uku ko huɗu, da waƙafin sama miƙaƙƙe, da lanƙwasasshe, da ƴ, da kuma yan tsirara. Abin yi shi ne a ajiye rubutun asali da ƙugiyoyinsa, a sa manhaja ta yi kwafi na biyu marar ƙugiya, nema ya riƙa bi ta kan duka biyun. A kuma buɗe shafi guda na kalmomin da ke tafiya tare, domin jam'in Hausa ba ɗafa harafi ɗaya ba ne a ƙarshe: doki da dawaki da dawakai, sarki da sarakuna da sarakai, wuta-wuta da ƙuduji, Zariya da Zaria da Zazzau. Wannan shafin shi ne dukiyar da ta fi kowace daraja a aikin, kuma duk wanda ya gano sabuwar kalma ya ƙara a take.

Masu sha'awar sabon yayi za su ce ai yanzu ana neman hoto da jimla kai tsaye. Gaskiya ne. Tun da OpenAI ya fitar da CLIP a 2021, wanda aka horar da hotuna miliyan 400 haɗe da bayanansu daga intanet, kusan duk masu shiga gasar Video Browser Showdown da irinsa suke aiki. Gasar ta faro ne a 2012 a Kilagenfut ta Ostiriya, ana nuna wa tawagogi ɗan guntu ko a karanta musu bayaninsa, su nemo shi cikin 'yan mintuna a rumbun da kashinsa na farko kaɗai awa 1,000 ne, bidiyo 7,475, kuma amsar kuskure tana rage maki. Sai dai abin da na'urar ta koya daga intanet ne, mafi yawansa da Turanci. Za ta kawo maka mutum a kan doki, amma ba za ta raba maka ɗan lifida da ɗan sulke ba, ba ta san dogari da zagi ba, balle ta kalli naɗin rawani ta ce wannan ɗan sarki ne. A nan ne rabon aikin FXPAL ya zauna daram: matashin da hannunsa ya faɗa a kwamfuta ya zama mai leƙe, dattijon da ya san fada ko malamin gonar da ya san cutar shuka ya zama mai haƙa.

Haɗa babba da yaro kuwa yana da nasa cikas, wanda masu binciken ƙasashen waje ba su cika lura da shi ba. In dattijo ya ce wannan Hawan Bariki ne, yaron da ya ga shekarar da wurin a jikin kaset ba zai iya cewa a'a ba, kunya za ta hana shi. Kuma a tsarin da manhaja ke koyo daga hukuncin masu nema, e ɗaya na kuskure yana jawo wasu irinsa sama, jerin duka ya karkace. Colum Foley da Smeaton sun yi aiki a kan wannan, inda suka gwada ba hukuncin wanda ya fi ƙwarewa nauyi fiye da na ɗayan. Shawararmu mai sauƙi ce: kowa ya rubuta hukuncinsa shi kaɗai kafin a yi magana, abin da aka saɓa a kai a sa shi a layin shakka, mutum na uku ya duba. Kafin a fara aikin gadan-gadan a ba su guntaye 100 iri ɗaya. In sun yi tarayya a ƙasa da 80, ba laifinsu ba ne, tambayar ce ba ta fito ba. Shin dokin da aka gani daga nesa ya shiga? Muryar sarki ba tare da fuskarsa ba fa? A rubuta amsar waɗannan a saman teburin da ake rubuta hukunci a ciki.

Wajen auna ko aikin yana ci, tambaya biyu ce: cikin abin da aka kwaso nawa ne tsaba, kuma cikin tsabar da ke rumbun nawa aka kwaso? Ta farko da sauƙin ƙirgawa. Ta biyu sai da dabara: wani ya zaɓi guntaye 20 da ya tabbatar amsa ce ya ɓoye jerinsu, a ƙarshe a ga nawa masu neman suka ci karo da su. In 12 suka samu, a ƙaddara akwai kusan kashi 40 cikin ɗari da ke kwance ba a taɓa ba. Lokacin tsayawa kuma shi ne in mai haƙa ya wuce guntaye 200 a jere babu sabo, kuma mai leƙe ya ƙare shafin kalmomi.

Abu biyu a gurguje. Bidiyon biki da na cikin gida akwai fuskokin matan mutane a ciki, kada a saka su a rumbun da kowa ke shiga sai da izinin masu shi. Sannan duk wannan bayani bai da amfani ga kaset ɗin da ya riga ya mutu. Kaset ɗin VHS da na MiniDV da suka kwana damina talatin a kwali suna yin fumfuna, zaren ya manne, in aka tura shi cikin na'ura haka nan ya ɓata ɓangaren da ke karanta zaren ya kuma tsinke. A duba ta tagar kaset, wanda aka ga farin gari a jikin zarensa a ware shi daban. Awa ɗaya ta MiniDV tana cin kusan gigabayit 13 in an kwafe ta yadda take, wato awa 200 na buƙatar terabayit 2.6, kuma kwafi biyu ake yi a ajiye a gine-gine daban-daban. Kwafin aiki na yau da kullum ana matse shi zuwa kamar megabayit 700 a awa, yadda tarin duka zai shiga ƙaramin rumbu ɗaya da za a iya ɗauka daga unguwar Kongo ta Zariya zuwa Samaru a aljihu. Lambar da aka rubuta a jikin kaset ita za a ba fayil ɗin, harafi da harafi, tun kafin a danna maɓallin kwafa.

Wassalam.

Daga wasu malaman kimiyyar adana bayanai,
Samaru, Zariya.