A daina tsorata yara da saɓon Ruhu Mai Tsarki

Malam Edita,

Bayan gaisuwa, ka ba ni ɗan fili in yi magana da 'yan'uwana Kirista, musamman masu wa'azi a Zariya da kewaye. Maƙwabtanmu Musulmi su yi haƙuri, maganar cikin gida ce, amma ba ta sirri ba ce.

Kwanakin baya wata yarinya 'yar sakandare ta shigo gidana da magariba, idonta ya yi jajir, ko kunun da na zuba mata ba ta taɓa ba. Wai a wani taron farkawa ta tambayi mai wa'azi dalilin da ya sa ake sayar da man shafewa a 'yan kwalabe. Sai ya nuna ta da yatsa a gaban jama'a, ya ce ta saɓi Ruhu Mai Tsarki, ba ta da gafara duniya da lahira. Tun ranar ta daina addu'a. Ta ce da ni, "Mama, me zan roƙa, tunda an riga an rufe mini ƙofa?"

Ayar da ta ce saɓon Ruhu Mai Tsarki ba shi da gafara tana nan, ban musa ba, a Markus 3:28-30 da Matiyu 12:31-32. Amma wa Yesu ya faɗa wa? Malaman Attaura da Farisiyawa ne, manya masu ilimi, waɗanda suka ga an warkar da mutum da idonsu, suka ce da ikon Ba'alzabul sarkin aljanu aka yi. Markus da kansa ya faɗi dalilin gargaɗin: sun ce Yesu yana da baƙin aljani. Wato mutum ya ga aikin Allah ƙiri-ƙiri, ya dage da gangan cewa na Shaiɗan ne. Ina wannan ya haɗu da yarinyar da ta tambayi kuɗin kwalba? Kuma kafin gargaɗin, Yesu ya fara da cewa za a gafarta wa 'yan Adam dukan zunubansu. Wannan rabin ne masu ihu a lasifika suke tsallakewa.

A koyarwarmu, Ruhu Mai Tsarki shi ne yake nuna wa mutum zunubinsa ya kai shi ga tuba. Wanda zuciyarsa take dukan uku-uku don tsoron ya yi wa Allah laifi, alama ce Ruhun bai bar shi ba. Bitrus, almajirin Yesu, ya yi musun sanin Ubangijinsa har sau uku, da rantsuwa. Shi ne kuma ya miƙe ranar idin Fentikos ya ce wa jama'a su tuba, a yi musu baftisma domin gafarar zunubansu, su karɓi baiwar Ruhu Mai Tsarki. Mutum wajen 3,000 aka yi wa baftisma ran nan, bayan ya faɗa musu a fuska cewa su suka gicciye Yesu.

Tun 1932 muke da Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa, aikin da Dokta Walter Miller ya sha wahalarsa a nan ƙasar Zazzau. Iyayenmu a Wusasa da fitilar ƙwai suka karanta shi, balle yau da yake cikin wayar kowane yaro.

Ina roƙon fastoci da dattawan ikilisiya su keɓe Lahadi guda su karanta wa matasa Markus 3 daga farko har ƙarshe, su bar su su yi tambaya. Wanda kuma aka tambaye shi lissafin kuɗin baikon ikilisiya, ya fito da littafin ma'aji ya nuna.

Taku,
Wata uwa a Zumuntar Mata,
Wusasa, Zariya